Gargaɗi: masu karɓar odar abincin walimar ƙarshen shekara su ɓace da kuɗin mutane

Jama'a, Disamba ta ƙarato, kuma da ita ake buɗe kasuwar wasu ɓarayi da ba sa haura katanga. Duk wanda aka ɗora wa nauyin abincin walimar ƙarshen shekara a ofis, da duk wadda dangi suka damƙa wa kuɗin taron zumunci, ku tsaya ku karanta wannan kafin ku tura wa kowa ko sisin kwabo. Sana'ata girkin biki ce a nan Kano, saboda haka abin ya shafe ni ta fuska biyu. Kwastomomi ake cuta, kuma da hotunan girkinmu ake cutar su.

Abin yakan fara ne da shafi a Instagram ko Facebook ko TikTok, mai suna irin na mutunci, kicin ɗin Hajiya wance ko girkin Maman wane. Kana buɗewa yawunka zai tsinke. Ga jalof da soyayyiyar shinkafa, ga kaza ta sha haɗi, ga waina da miyar taushe, ga samosa, ga zoɓo da kunun aya a jere cikin robobi. Har da bidiyon ma'aikata sanye da hula da safar hannu suna zuba abinci a tekawe. Babu ko ɗaya da ya fito daga tukunyar mai shafin. A shafukan masu sana'a na gaskiya ake kwashe su, a datse gefen da tambarin mai shi yake, a liƙa wani. Ni da kaina na taɓa ganin dambun shinkafata, a kan tirena da na san inda ya lotse, a wani shafi da ke cewa yana Abuja. Mabiya dubu-dubu da kuke gani a saman shafin sayen su ake yi. Masu yabon da ke ƙasa suna cewa Allah ya ƙara basira Hajiya, yawancinsu mai shafin ne da wasu asusunsa.

Sai farashi, wanda shi ne ƙugiyar. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 babu abin da bai tashi ba, daga gas har mangyaɗa, daga shinkafa har robar tekawe. Kaza kuwa a Disamba take kai ƙololuwa, saboda Kirsimeti da bukukuwan aure sun haɗu. Lissafin ba shi da wuya. Idan mutum 100 za a ciyar, kowa da kwatar kaza, kaji 25 ke nan. Ku shiga kasuwa ku tambayi kuɗin kaza ɗaya, ku ninka. Ku leƙa kasuwar Singa ku ji kuɗin buhun shinkafa da jarkar mai, ku bi ta 'Yankaba ku ji kwandon tumatir da attaruhu da albasa. Daga nan ku ɗora gas, da ladan masu aiki, da kuɗin mota. Idan wata ta ce za ta yi muku duk wannan a kan kuɗin da ko kajin ba zai saya ba, tana kiran abin garaɓasar ƙarshen shekara, to ba ta da niyyar ɗora tukunya. Araha ba ta ado.

Abin da ke sa mutane masu hankali faɗawa shi ne ƙurewar lokaci. Asabar da Lahadin Disamba tun a Nuwamba masu aure suke kame su a wurin duk wata mai girki da aka sani. Ofis kuwa sai saura kwana goma shugaba zai tuna a yi walima. Ma'aikaci ya kira mutum uku, kowa ta ce ranar ta cika. Cikin wannan ruɗani sai ya ci karo da shafin da ke cewa saura gurbi ɗaya, kuma akwai wani kamfani da ke nema, in ba a biya kafin la'asar ba za a ba su. Ba a ba shi sararin tunani, da gangan.

Za ku ce ai sai a nemi ɗanɗano. Sun riga ku. Wannan ne sashen da ya fi ba ni haushi, domin ya ci mutanen da suka yi iya ƙoƙarinsu. Kana cewa kana so ka ɗanɗana, sai a amsa da fara'a, a ce ba komai, gobe za a aiko. Washegari mai adaidaita ya iso ƙofar ofis da tekawe biyu ko uku masu zafi. A buɗe, kowa ya sa cokali, a yi ta santi. Abincin kuwa a wani gidan abinci mai kyau aka saye shi da safiyar nan, ko a wurin ɗaya daga cikinmu. Mai adaidaitan bai san komai ba, a bakin titi aka miƙa masa leda da lambar waya. Ɗan damfara ya kashe 'yan dubbai, ya sayi amincewar ofis gaba ɗaya. Daga wannan lokacin ba wanda ke sake tambayar inda kicin ɗin yake.

Sai a zo kan kafin alƙalami. A nan dole in yi adalci: mu ma muna karɓa, domin ba mai girkin da za ta yi cefanen mutum ɗari da kuɗin aljihunta. Neman kafin alƙalami shi kaɗai ba alamar cuta ba ne. Ku dai duba sunan da zai fito idan kun sa lambar asusun. Shafi na Hajiya wance, muryar da ke waya ta mace, amma asusu ya fito da sunan wani namiji da ba ku taɓa ji ba. In kun yi magana a ce na ƙanena ne, ko na manajana ne, ko nawa ya samu matsala tun jiya. Wani lokaci ma asusun da aka ba ku ranar Litinin daban, wanda za a ba ku ranar Alhamis daban. Sannan ba sa yarda da rabi. Kashi 80 cikin ɗari suke nema, ko duka, da hujjar kaya na tashi kullum gara a yi cefane yau.

Kwana biyu kafin taro za a sake kira, murya a marairaice. Kaza ta ƙara kuɗi, ko gas ya yanke, a taimaka da cikon kada a ji kunya. Wanda ya riga ya zuba kuɗi mai yawa ba ya son ya yi asararsu a kan ɗan abin da ya rage, sai ya ƙara.

Ranar taro kuwa kusan karatu ɗaya suke yi. Ƙarfe goma, ana zubawa. Sha biyu, an fito. Ƙarfe ɗaya, cunkoso ya riƙe mota. Ƙarfe biyu, 'yan KAROTA, masu kula da zirga-zirgar motoci a Kano, sun tare direba, a turo ɗan wani abu a sallame su. Har hoton kuloli a bayan mota za a turo muku, shi ma na sata. Wajen la'asar waya ta daina shiga, hoton WhatsApp ya ɓace, an yi bulokin. Kujeru a jere, manyan baƙi a zaune, yara na ta leƙen ƙofa. Kuma ku lura da ranakun da suka fi so a sa musu: jajibirin Kirsimeti, ko ƙarshen makon da ya haɗe da hutun 25 da 26 ga Disamba, ko na 1 ga Janairu, lokacin da rassan banki ke rufe. Kafin a buɗe, kuɗin sun bi ta asusu biyu ko uku, an cire su a wurin mai POS. Shafin kuma ba rufe shi ake yi ba. Suna kawai ake canzawa, a koma sayar da atamfa da leshi, ko ragunan layya idan lokacinsu ya zo.

Asarar kuɗin da sauƙi a kan abin da ke biyo baya. A ofis karo-karo aka yi, har da masinja da mai gadi sun cire daga albashinsu. Wanda ya tura kuɗin shi za a bi da kallo, kuma ko ya rantse da abin da zai kashe shi, sai an samu mai cewa da haɗin bakinsa. A dangi ma haka. Taron da aka shirya don 'yan Legas da 'yan Abuja sun zo gida hutu, yara su san juna, sai ya koma shari'a a zauren WhatsApp na gida, yaya da ƙanwa su shekara ba sa ga maciji.

Akwai wani salon da ya fi wannan wayo, kuma shi ne ke haɗa mu faɗa da mutanen da ba mu taɓa cuta ba. Ɗan damfara yakan tsaya a tsakiya. A wurin ofis shi ne mai girki ko wakilinta, ya karɓi kuɗi cif. A wurin mai girki ta gaskiya kuma shi ne jami'in walwalar ma'aikata na ofishin. Ya ba ta ɗan kafin alƙalami kaɗan, ya ce ai kin san aikin ofis, sai an kawo kaya akanta zai biya ciko nan take. Ita kuma ganin babban wuri ne, tana kwaɗayin a san ta, sai ta ci bashi ta yi girki. Ranar taro abinci ya iso lafiya, har a fara yabo. Sai ta nemi cikonta, a ce wane ciko, mun biya tun makon jiya. Kowa ya fito da shaidarsa a waya, kowa na da gaskiya, wanda ya haɗa su kuma wayarsa a kashe. 'Yan'uwana masu sana'a, wannan naku ne: duk odar da aka ce ta ofis ce, ku taka ku je ofishin, ku ga wanda zai sa hannu a biya ku, ido da ido.

Ku kuma masu ba da oda, maganar ɗaya ce, kada ku yi cinikin biri a sama. Ku je inda ake girkin. Ba sai wuri mai ƙawa ba, yawancinmu a tsakar gida muke aiki. Amma wadda ke ciyar da mutum ɗari tana da manyan tukwane, da murhu ko manyan kawunan gas, da kuloli, da maƙwabta da suka san ta da wannan sana'a. Mafi kyau ku ce za ku zo ranar da take da wani aikin, ku ga wuta na ci. Mai gaskiya murna za ta yi. Wadda ta ce maigida ba ya son baƙi, a turo mace ta ce ta yi tafiya, a nemi kiran bidiyo ta ce kyamararta ta lalace, ta riga ta ba ku amsa. Ku nemi lambar wani da ta taɓa yi wa aiki, amma wanda ku ma za ku iya gano shi ta wata hanyar, kamar mai ɗakin taron da aka yi bikin. Masu ɗakunan taro da masu hayar kujeru da rumfa sun san duk mai girkin da ke aiki a gari.

Wayar da ke hannunku ma tana taimakawa. A shafin kasuwanci na Instagram, in kun danna ɗigo ukun da ke sama, akwai wurin da ke nuna watan da aka buɗe asusun da ko an taɓa canza masa suna. Facebook ma yana nuna ranar da aka ƙirƙiri shafi da sunayen da ya taɓa amsawa. Shafin da ke cewa ya shekara goma yana girki amma an buɗe shi a Oktoban bana, kun ga ai magana ta ƙare. Ku ɗauki hoto ɗaya ko biyu ku sa a Google Lens, manhajar da ke binciko inda hoto ya fito, sau da yawa zai kai ku wurin mai hoton na asali. In an ce muku kamfani ne mai rajista, shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, yana da wurin binciken suna kyauta. Sai dai kada ku dogara da wannan kaɗai, domin akwai mata da yawa masu amana da ba su da rajista, takarda kuma ba ta hana mugu mugunta.

Idan kun gamsu, a rubuta komai ko da a saƙon WhatsApp ne: yawan tekawe, abin da ke cikin kowace, girman nama, abin sha, ƙarfe nawa za a kawo, wa zai biya mota. Ku biya rabi, ko abin da ya ɗan ɗara rabi, a asusun da ke ɗauke da sunan wadda kuka gani da idonku. Ciko sai an sauke an ƙirga. Ƙirgar nan tana da muhimmanci, saboda akwai ƙananan macuta da ke kawo abincin amma 70 a maimakon 100, ko na sama da kaza na ƙasa da ƙashi. Ku buɗe daga tsakiya da ƙasan kula, ku shinshina. Soyayyiyar shinkafa da haɗin salak ba sa jure zama, wadda ta haɗa oda uku a rana ɗaya ta dafa tun daren jiya za ta iya aika rabin ofis asibiti. A ofis kuma kada mutum ɗaya ya ɗauki nauyin shi kaɗai, a samu biyu ko uku da suka je suka gani tare.

Wanda kuma abin ya riga ya faɗa masa, kada kunya ta sa ya yi shiru, kuma kada ya tsaya zagi a waya har a canza wa shafin suna. Ya fara ɗaukar hoton komai: hirar, shafin, lambar waya, lambar asusu da sunan da ya fito, da rasit ɗin tiransfa mai ɗauke da doguwar lambar shaida. Ya kira layin kula da kwastomomi na bankinsa a wannan sa'ar, ko ranar hutu ce, ya ce damfara ce a sanar da bankin da kuɗin suka shiga. Ya kai rahoto ofishin 'yan sanda ya karɓi takarda, domin sau da yawa banki zai nemi ita da umarnin kotu kafin ya taɓa asusun wani. Ana iya kai ƙorafi a rubuce ga EFCC, in kuma banki ya yi ta jan ƙafa, Babban Bankin Najeriya yana da sashen kare haƙƙin kwastomomi. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ba tare da zaɓin tara ba ga wanda ya karɓi dukiyar mutane da yaudara. Ba zan ce muku kuɗin za su dawo ba, sau da yawa ba sa dawowa. Amma ƙorafin da aka shigar da wuri yakan sa a toshe asusun kafin kuɗin ofishi na gaba su faɗa ciki. In kuma kun gane mai hotunan na asali, ku sanar da ita, ta sa mabiyanta su kai ƙarar shafin a sauke shi.