Gyara ko sauyi: abin dubawa kafin ka kai kwamfutarka Banex

Da zarar kwamfutar gida ta fara nauyi ko ta riƙa mutuwa da kanta, tunanin mai ita yakan tafi kan sayen wata. Sau da yawa abin bai kai nan ba. Ko dai ka sauya kayan da ya gaji, ko ka sayi ta hannu wadda 'yan kasuwa ke kira tokumbo, ko ka ɗauko sabuwa dal a kwali. Amma kafin ka nufi Banex, kasuwar kayan kwamfuta da waya a Wuse 2, Abuja, ka san ciwon tukuna.

Idan nauyi ne kawai, yawanci laifin tsohon faifan ajiya ne mai juyawa, wato HDD, wanda a mafi yawan laftof juyi 5,400 yake yi a minti. SSD, sabon nau'in ma'ajiya da ake sawa a madadinsa, ba shi da abin da ke juyawa, kuma ko mai arahar cikinsu ya ninka HDD sauri nesa ba kusa ba. A ganina babu kuɗin da ke yi wa tsohuwar kwamfuta amfani kamar na sauya HDD da SSD. Idan da hali ka ɗaga RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, daga 4GB zuwa 8GB, sai dai ka tafi da kwamfutar zuwa kasuwa, domin RAM iri-iri ne, nau'in DDR3 ba ya shiga gurbin DDR4, wasu laftof ma an liƙe nasu ba ya fita.

Mai zafi tana mutuwa kuwa, sau da yawa ƙurar hunturu ce ta toshe fankarta. A buɗe a share, a sa sabon man da ke rage wa firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, zafi, shi ke nan.

Inda nake ja da baya shi ne madabod, wato babban allon da duk kayan cikin kwamfuta ke haɗe a kai, musamman wanda ruwa ya shiga ko wuta mai ƙarfi ta ƙona. Mai gyara na iya tayar da shi yau, bayan 'yan makonni ya sake kwantawa. Idan kuɗin aikin ya doshi rabin na tokumbo mai kyau, ni dai shawarata ka haƙura.

A wajen tokumbo ne aka fi cutar mutane, kuma abin yana damuna, don galibi iyaye ne masu saya wa yara. Za a ce maka, “Alhaji, i7 ce fa,” wato firosesarta mai ƙarfi ce, alhali tsohuwa ce ta ƙarni na 4. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 tana neman firosesar Intel ta ƙarni na 8 zuwa sama, da kuma na'urar tsaro mai suna TPM 2.0. Duba lambar da idonka: a i5-8250U, takwas ɗin farko ita ce ƙarnin. HP EliteBook, Dell Latitude da Lenovo ThinkPad an ƙera su ne don ofisoshi, suna da juriya, kayan gyaransu kuma ba su da wuyar samu. Kada ka biya sai ka danna kowane maɓalli, ka gwada kyamara da ramukan USB, ka zare caja ka ga yadda batir ke sauka, ka tabbatar babu kalmar sirri a BIOS, wato saitin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta. A rubuta maka kwanakin garanti a rasit.

Sabuwa tana da garantin kamfani da batir mai lafiya, amma mai arahar da ke da ƙaramar firosesa Celeron da RAM 4GB ba za ta kamo tokumbo i5 ta ƙarni na 8 ba.

Duk wanda ka zaɓa, kwashe hotunan iyali da takardun makaranta a filashi kafin kwamfutar ta bar gida, kuma ka ce a ba ka tsohon kayan da aka cire. Idan ta tebur ce, ka haɗa da UPS mai batir da ke riƙe wuta, domin sitabilaiza daidaita wuta kawai take yi, ba ta riƙe kwamfuta idan an ɗauke.