Wace na'ura ta dace da ajin nazare? Abin dubawa kafin a fitar da kuɗi

Makarantun nazare da dama suna sayen na'urori ne saboda iyaye sun fara tambaya ko ana koyar da kwamfuta, amma kafin a tambayi farashi ya kamata a san minti nawa yaro zai yi da na'urar. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada yaro mai shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa ɗaya a rana yana zaune gaban allon na'ura, kuma tun da yawancin yara suna kallon wayar iyayensu a gida, rabon makaranta kaɗan ne. Wannan kawai ya isa ya nuna cewa saya wa kowane yaro tasa asarar kuɗi ce.

Ɗakin kwamfuta shi ne ya fi burge iyaye, kuma shi ne mafi ƙarancin amfani ga waɗannan yara. Wanda bai gama sanin baƙaƙe ba babu abin da zai yi da madannai, ga cin wuta, ga ƙurar hunturu. Ƙasar Peru ta raba ƙananan kwamfutocin shirin One Laptop per Child fiye da 800,000, amma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai ga ƙarin ƙwazo a lissafi ko karatu ba.

Kwamfutar hannu, wato tablet da ake taɓa allonta, ta fi dacewa da ƙananan yatsu. Mai Android ta fi araha kuma ana samun masu gyaranta a kasuwannin waya irin Farm Centre ta Kano, ita kuwa iPad ta fi daɗewa ana sabunta manhajarta, sai dai canjin gilashinta na da tsada. Kowace aka zaɓa, a sa mata rigar roba mai kauri, a tabbatar batirinta yana kai tashi daga makaranta, a kuma gwada kulle ta a kan manhaja ɗaya don kada yaro ya fice zuwa YouTube. Guda biyar ko shida sun wadaci aji mai yara talatin idan ana zama bibbiyu ana karɓa-karɓa, kuma zaman bibbiyun ya fi, domin yaran suna magana da juna suna gardamar abin da za a danna.

Abin da ke cikin na'urar ya fi sunan kamfaninta muhimmanci. A kashe data a gaban mai sayarwa a ga ko manhajar za ta buɗe. ScratchJr, manhajar koya wa yara tsara umarnin kwamfuta wadda jami'o'in Tufts da MIT na Amurka suka fitar a 2014 don 'yan shekara 5 zuwa 7, kyauta ce kuma ba ta bukatar intanet. African Storybook na da littattafan yara masu hotuna da Hausa, waɗanda ake saukewa a karanta daga baya. A guji manhaja mai talla, haka kuma wadda ke neman suna da hoton yaro, domin dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sharɗanta amincewar iyaye.

Ga makaranta mai ƙaramin ƙarfi, na fi karkata ga talabijin ɗaya da malama za ta haɗa da wayarta. Ana ganin hotonsa da rana, saɓanin majigi da ke bukatar a rufe tagogi cikin zafi, kuma ƙaramin sola yana ɗaukarsa. Malama ce ke riƙe da ragama: ta tsayar da hoto, ta tambaya, yara su amsa. Babban allon taɓawa na bango yana yin kusan wannan aikin da ninkin kuɗin.

Akwai kuma kayan da ba su da allo, kamar Bee-Bot, ɗan mutum-mutumi mai siffar ƙudan zuma da ke tafiya a ƙasa. Yaro yana danna kibiyoyin bayansa, gaba sau biyu, dama sau ɗaya, sannan ya sake shi ya yi taku na santimita 15 a kowane danni na gaba ko baya, idan ya kauce wa inda aka nufa yaron ya koma ya nemo inda ya yi kuskure. Wannan shi ne tushen tsara umarnin kwamfuta da manhajar karatun Ingila ta sa wa 'yan shekara 5 zuwa 7 tun 2014. Daga waje ake shigo da shi, don haka farashinsa yana bin canji, amma ana iya fara darasin da alli a daɓen aji, yaro ɗaya yana ba da umarni ɗaya yana takawa.

Idan kuɗin ya zo hannu, a fara da wuta da horar da malamai, sannan talabijin, sannan kwamfutocin hannu kaɗan, a kuma ware wani abu na gyara da akwatin ajiya mai makulli tun ranar saye.