Baƙin bango don hoton fuska: karammiski, takarda ko leda?

Mai shagon hoto a Agege ko Idi-Araba da ke son irin hoton nan da fuska ke fitowa daga cikin duhu, kafin ya sa hannu a aljihu ya fara auna ɗakinsa. Girman ɗakin ne zai zaɓa masa kaya.

Haske yana raguwa da sauri: idan tazara daga fitila ta ninka biyu, abin da ke isa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda ke da filin tsayar da mutum mita 2 ko fiye daga bango, ya kuma matso da fitila kusa da fuska, ko takarda mai ruwan toka sai ta fito masa baƙa ƙirin. To amma shagunan haya na Legas, kowa ya san ƙuncinsu.

A ƙaramin ɗaki ni karammiski zan saya. Gashinsa shanye haske yake yi, ko da mutum ya kusa jingina da shi. Ana yankan sa yadi-yadi a kasuwar Balogun, sai dai a haska shi da tocilan waya kafin a biya, domin akwai mai sheƙi irin na ɗinkin biki, wannan kuwa ɓata hoto zai yi. Aibinsa kama ƙura da zare, musamman da hunturu, don haka a haɗa da buroshi.

Takarda ta naɗi, mai faɗin mita 2.72 da tsawon mita 11, ta fi kowa santsi, amma laimar damina na sa ta kumbura, kuma duk inda takalmi ya taka sai almakashi. Leda tsumma kawai take so, sai dai tana mayar da haske. Yadin auduga araha, ga guga kullum, ga koɗewa.

Abin da ya rage na kuɗi a sa shi a fitila ta biyu. Fatarmu da gashi da baƙin hijabi narkewa suke yi cikin baƙin bango, har a rasa inda kafaɗa ta tsaya. Ƙaramar fitila daga baya, ta gefe, ita ke zana layin haske a kunci da kafaɗa ta raba mutum da duhun. A nemi mai batir, irin na kamfanin Godox, ko a kasuwar Computer Village da ke Ikeja, saboda kada amarya ta gama kwalliya a tsaya jiran NEPA.