Mutum-mutumi mai kwamfuta ko ƙananan na roba? Ga wanda za ki saya

Sista, tsakanin babban mutum-mutumi mai kwamfuta irin SimMan da ƙananan nan marasa lantarki da kika tambaya saboda ɗakin gwajin ɗalibanku na jinya, ni dai ƙananan na ce. Ki haɗa MamaNatalie ta koyon karɓar haihuwa da jaririnta NeoNatalie, hannun roba na koyon sa kanula (robar da ake sakawa a jijiya don ƙarin ruwa), da Resusci Anne ta koyon danna ƙirji don farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya. Kowanne ki sayi fiye da ɗaya idan kuɗin ya kai.

MamaNatalie ce 'yar gidana. Ɗaura ta ake yi a ciki da igiya, wato malamar ce mai naƙudar. Akwai jakar jini a ciki mai cin kusan lita ɗaya da rabi, kuma da hannuna nake sa mahaifa ta yi tauri ko ta saki. Wata rana na kwanta a gado, na sa wata ɗaliba ta zama uwar miji. Jariri ya fito, mabiyiya ta fito, ana ta barka, sai na buɗe jinin a hankali ina cewa jiri nake ji. Uwar miji kuwa ta shiga aikin da gaske, tana salati tana cewa a bar ta ta kai 'yarta gida a ba ta rubutu. Yarinyar da ke karɓar haihuwar ta daskare, ga allurar okzitosin mai sa mahaifa ta tsuke a tire amma idonta na kan zanen da ke jiƙewa. Bayan mun tsaya muka zauna, ita da bakinta ta faɗi inda ta yi sake: ba ta murza mahaifa ba, ba ta kira taimako ba. Muka maimaita a take. A karo na gaba hannunta ya riga bakinta. A littafi an ce mililita 500 cikin awa 24 shi ne zubar jini bayan haihuwa, amma sai ɗaliba ta ga wannan adadin a kan zane take sanin yadda ido ke raina shi.

NeoNatalie kuma ruwa ake ɗura masa, ya yi nauyin jariri. Kina matsa wata 'yar roba cibiyarsa ta buga, idan ɗaliba ta ɗora abin hura iska daidai ƙirji ya tashi, idan ta karkace shiru. Da shi aka gina shirin Helping Babies Breathe da aka ƙaddamar a 2010, mai koyar da cewa jariri ya samu numfashi cikin minti ɗaya na farko. Binciken da aka buga a 2013 daga asibitocin Tanzaniya ya nuna mutuwar jarirai a ranar farko ta ragu da kashi 47 cikin 100 bayan horon. Shi kuwa NeoNatalie babu ko batir a jikinsa.

Mai kwamfutar ba laifi, yana numfashi, yana ƙifta ido, bugun zuciyarsa na canzawa a allo. Wanda na sani a wata makaranta yana lulluɓe da leda, ana jiran injiniya, makullin ɗakin na aljihun mutum ɗaya. Abin yana son wuta tsayayya, ɗaki mai sanyi da wanda ya iya manhajarsa, ga zafin Katsina na Afrilu, ga ƙurar hunturu. Aji mai ɗalibai da yawa, biyu ke taɓawa, saura kallo.

Za a kawo miki hujjar binciken Amurka na 2014 da ya ce gwaji da mutum-mutumi zai iya maye gurbin rabin lokacin da ɗalibai ke yi a asibiti. Gaskiya ne, amma da sharaɗin malamai sun samu horo kuma ana zama a tattauna bayan kowane gwaji. Don haka ki ware wani abu daga kuɗin a horar da malamanku.

Sai maganar dillalai, ko da ba ki tambaya ba. Akwai masu turo hoton kayan Laerdal, kamfanin Norway da ke ƙera su MamaNatalie, da suka kwaso daga intanet, kaya ya iso ki ga jabu, fatar hannu ta tsage daga 'yan allurai. Akwai masu kawo gwanjon mai kwamfuta babu lasisin manhaja, su ce sabo ne. Kada ki biya duka kafin kaya ya sauka Katsina. A buɗe kwalin a gabanki, a ɗura wa jaririn ruwa a ga ko yana yoyo, a hura iska ƙirji ya tashi, a soka kanula jini ya dawo. Ki tambayi farashin fata da jijiyoyin canji, a rubuta a rasit, domin su ne ke fara mutuwa. Wanda ya ce miki ba a canza su, ki kama jakarki.