Naira 850,000 ya ci mana da sunan rihab, Allah ya isa

Jama'a sati na uku kenan ina rubuta abin nan ina gogewa don wallahi kunya nake ji, amma jiya da daddare na ga tallan mutumin nan ya sake fitowa a Facebook, ya canja sunan shafi amma hotunan su ne dai, har gadon nan mai shuɗin zanin gado, sai na ce in na yi shiru wata ma za ta faɗa kuma da alhakina a ciki. Naira 850,000 ya karɓe mana. Dubu 850, a cikin kwana 9, da sunan zai kwantar da ƙanina a cibiyar gyaran masu shaye-shaye a Abuja. Babu cibiyar, babu likitan, babu gadon. Suna ba zan kama ba tukuna don lauyan da muke magana da shi ya ce in dakata sai an gama shigar da ƙorafi, amma sikirinshot na nan duka, na hira da na alat da rasit ɗin bogin da ya turo, zan ɗora su in an ba ni dama.

Kuma tun kafin wani ya zo ya ce min ai wauta ce, ni ba yarinya ba ce. Shekara 8 ina saro atamfa da leshi a Kantin Kwari ina sayarwa ta waya, alat ɗin ƙarya nawa na kama, ni ce nake wa ƙawayena faɗa kar su tura kuɗi sai sun ga kaya. Kuma ba faɗawa na yi kawai ba, na yi bincike wallahi, littafi guda na saya na ja layi na rubuta wurare ina gwada su, nan kuɗi, nan nisa, nan wata nawa ake yi. Asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau na ciki, da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano, da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da makarantar gyaran hali ta Kiru, har NDLEA na rubuta don an faɗa min ba kame kaɗai suke yi ba suna da sashen ba da shawara da gyaran hali. Gidan mari ma wata gwaggonmu ta kawo maganarsa, na ce ko kusa, wa ya manta gidan marin Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019 da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 wasu da sarƙa a ƙafa, ba a jima ba aka sake ganin irinsa a Daura. Na soke wannan da jan biro. To kun ga ai na san abin da nake yi.

Abin da ya kashe ni shi ne duk na gwamnatin nan ma ni na soke su da hannuna. Ba don an ce min ba su da kyau ba, ko ƙofarsu ban taka ba. Umma ce ta ce ita ɗanta ba mahaukaci ba ne da za a kai shi Dawanau, NDLEA kuwa tana jin sunan ta fara kuka wai za su riƙe shi, ni kuma gaskiya abin da ke raina ƙanwarmu an sa mata rana, in wani daga dangin mijin ya gan mu a layin asibitin ƙwaƙwalwa shi kenan magana ta zaga gari. Rufin asiri muke nema. Shi kuma mutumin nan abin da ya kasa a faifai kenan.

Daren Talata ne, wajen ƙarfe 11, ina zaune a kicin don kar mijina ya ji. Da rana na tura saƙo a lambar da ke jikin tallan, da daddare ya kira da kansa. Ya yi sallama cikakkiya, Hausarsa tas, murya a sanyaye, ya ce Hajiya kafin mu yi maganar kuɗi gaya min me yaron yake sha. Na ce tramol. Ya ce mai 100 ko mai 225? Wallahi nan gabana ya faɗi, don fankon da na tsinta a aljihun wandonsa 225 ne a rubuce. Ya ce ya taɓa faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya? Na ce sau biyu. Ya ce in bai samu ba yana zufa, yana hamma, hanci na zuba, ga gudawa ga ciwon gaɓoɓi, ba ya barci? Na ce ƙwarai kuwa, kamar yana gidan. Sai ya ce kar ku kulle shi a ɗaki ku hana shi lokaci guda, a hannun likita ake janye shi a hankali. Sannan ya ce, Hajiya ki kwantar da hankalinki, mu da daddare muke zuwa ɗauka, motarmu ba rubutu a jiki, ko maƙwabcinku ba zai sani ba.

Ko maƙwabcinku ba zai sani ba. Wannan maganar nake ta juyawa a kaina har yanzu, in ina wanke-wanke, in na kwanta. Na yi kuka a wayar nan, na ce Dakta Allah ya saka da alheri. Dakta fa na ce masa. Ni na fara kiransa Dakta ma ina ga, ban tuna ya ce min shi likita ne a daren nan ba, daga baya ne ya turo hoto da farar riga da abin awo a wuya. Kuma duk tambayoyin da ya yi daidai ne, likitan gaske ma su ya yi mana daga baya, to ta ina zan gane? Ku gaya min ta ina. Mai 100 ko mai 225, ɗan damfara ne zai san wannan? Ashe kowa ma zai iya sani, duk wanda ya zauna da 'yan ƙwaya sati guda ya haddace.

Kuɗin ba lokaci ɗaya ya nema ba, da ya ce 850,000 kai tsaye da na farka. Farko 45,000 na fom da buɗe fayil. Sai 400,000 rabin kuɗin gado na wata uku wai saura gado ɗaya kuma akwai wasu mutanen Kaduna da ke nema. Sai 145,000 na mota da ma'aikata biyu da za su taho Kano. A'a, kafin na motar akwai 260,000 na allurar wanke jini, wai daga Indiya ake kawo ta sai an biya a yi oda, in aka yi masa kwana 21 ko warin ƙwaya ba zai ƙara so ba har abada. Ku haɗa ku gani, 45 da 400 da 260 da 145, dubu 850 cif. 400 ɗin nan sarƙar Umma ce da 'yan kunnenta na gwal da ta ajiye tun rasuwar Baba, ni na raka ta aka auna aka sayar. 260 kwasar adashina ce da zan yi sari da ita. Sauran mijina ya cika, shi ma sai da na faɗa masa gaskiya ana saura kwana biyu.

Akawun ɗin sunan mutum ne ba sunan asibiti ba, na gani fa, ba wai ban gani ba. Na tambaya ya ce na akantansu ne, na kamfanin yana da matsala da banki a satin. Na nemi bidiyo kol ya ce dokar wurin ta hana saboda sirrin marasa lafiya, kuma ni sirrin nake so, sai ma ya ƙara burge ni. Kun ga yadda ya ɗaure ni da igiyata.

Mijina ne ya gano hotunan, bayan komai ya lalace. Ya zuƙo hoton ɗakin nan mai shuɗin zanin gado ya ce kalli soket ɗin bango, ramuka uku ne zagayayyu manya, namu na Najeriya ai masu kusurwa ne, wannan irin na Afirka ta Kudu ne. Soket. Sati biyu ina kallon hoton nan ina nuna wa Umma ina cewa ga inda auta zai kwanta, ban taɓa kallon bango ba.

Amma duk kuɗin nan, dubu 850 ɗin nan, ba su ne suka fi ƙona min rai ba. Yaron nan tun kafin gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 ya fara, yana sakandare, da kwalba ta yi tsada ya koma ƙwaya, shekara nawa muna fama ba ya ko yarda yana sha. Sai a wannan karon ya yarda da bakinsa. Ya ce Yaya na gaji, ku kai ni. Ranar Alhamis da aka ce motar za ta zo ya je ya yi aski, ya wanke kayansa da kansa ya zuba a jaka, har da sallaya da Alƙur'anin da Baba ya bar masa, ya zauna a kan tabarma a tsakar gida tun la'asar. Mutumin ya ce sun taso. Ƙarfe 8 ya ce sun wuce Kaduna. Ƙarfe 10 ya ce taya ta fashe a wajen Zariya in turo 30,000, wannan kam ban tura ba don babu, ba don wayo ba, babu ne kawai. Ƙarfe 12 waya a kashe. Yaron yana zufa yana rawar ɗari yana tambayata Yaya sun kusa? Ina ce masa sun kusa. Wajen ƙarfe 2 na ji ƙarar ƙofa, ya fita. Sai bayan kwana uku aka samo shi.

Da safe WhatsApp ɗin hoto ya ɓace, ya yi bulokin ɗina, shafin ma babu. Af na manta, ranar Laraba kafin nan har addu'a ya turo min ta murya wai in riƙa tofa wa yaron a ruwa, ita ma tana nan zan sa ku ji muryarsa. Ranar Asabar mijina ya hau mota har Abuja da adireshin da ke jikin rasit, ya tarar da kango ne ko rufi ba a yi ba, mai gadin wurin ya ce masa ba shi ne na farko da ya zo neman asibiti a nan ba. Banki na je, aka ce in kawo takardar 'yan sanda da umarnin kotu, kuɗin kuma tuni an kwashe. Muna kan bi, an ce mu rubuta wa EFCC ma, za mu rubuta.

Ƙarshe dai asibitin gwamnatin da na soke a littafi can muka je, da rana tsaka, a Adaidaita, kowa na gani. Kuma ba wanda ya ko kalle mu, layi ne cike da iyaye irin Umma kowa da abin da ya dame shi. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi da Majalisar Ɗinkin Duniya aka fitar a 2019 ya ce mutum miliyan 14.3 ne ke shaye-shaye a Najeriya, mu kuma muna ta ɓoyo kamar a gidanmu kaɗai aka fara. Na tambayi likitan maganar allurar wanke jini, kallon da ya yi min kawai ya ishe ni. Ya ce babu wata allura da ke wanke jaraba, janye ƙwaya daga jiki shi ne ƙaramin aikin, sati ɗaya zuwa biyu ne, babban aikin watanni ne na zama da masu ba da shawara da sa ido a gida, kuma komawa ruwa na faruwa, duk wanda ya ba ki garanti ƙarya yake. 260,000 na biya kuɗin allurar da babu ita a duniya.

Ku dai kar ku tura ko sisi sai kun taka wurin da ƙafarku kun ga gado kun ga marasa lafiya. Akawun mai sunan mutum, ku gudu. Ku nemi cikakken sunan likita da lambar rajistarsa ta MDCN, hukumar rajistar likitoci ta ƙasa, in asibitin kuɗi ne a Kano ku tambayi PHIMA, hukumar da ke kula da asibitocin kuɗi a jihar, ko ta san da shi, takardar rajistar kamfani ta CAC kaɗai ba ta mai da wuri asibiti. Ku fara da na gwamnati. Shi kenan.

Umma har yau ba ta san duka kuɗin sun tafi ba, ce mata muka yi an riƙe rabi za a dawo da shi, jiya ma sai da ta tambaye ni ko Dakta ya kira. Dakta. Ni na koya mata kiransa haka. Kuma na sake buɗe hirar nan ɗazu na ga a ƙasan alat ɗin 400,000 na rubuta masa "na gode sosai Allah ya bar zumunci" har da alamar addu'a, ni da hannuna, wallahi wannan sikirinshot ɗin ban san ko zan iya ɗora shi ba. Kai kuma in kana karantawa, na san kana karantawa, 850,000, ban yafe ba, Umma ma in ta sani ba za ta yafe ba, kuma daren Alhamis ɗin nan sai ka biya shi a gaban Allah.