Telan da ya ce mini babu gurbi

Ranar 6 ga watan azumi na kai shadda kala uku wani shagon ɗinki da ke unguwarmu a Kano: babbar riga tawa, da kaftani biyu na yara. Maigidan shagon bai ɗauki abin awo ba, sai ya juya ga wani farin allo a bango, ya bi layi da yatsa, ya ce, "Alhaji, na yara za su fito 22 ga wata. Babbar riga kuwa babu gurbi, sai kwana huɗu bayan Sallah." Gaskiya raina ya sosu, don na saba da tela ya karɓa da hannu biyu.

Shekara tara na yi ina tsara aiki a wata masana'antar roba a Sharaɗa, don haka da na matsa kusa da allon sai na ga abin da na sani. Kwanaki a jere ta sama, injuna a jere ta gefe, kowane aiki an ja masa layi daidai tsawon lokacin da zai ci. Irin jadawalin nan ne da ake jinginawa Henry Gantt, injiniyan Amurka, tun wajen 1910. Shi Malam bai san sunan ba, aikin ne ya koya masa.

Abin da ya burge ni shi ne inda ya ɗora lissafinsa. Yana da keken ɗinki shida, amma injin kwamfuta mai aikin wuyan riga guda ɗaya ne, kuma kusan kowace riga sai ta bi ta kansa. Nan ne maƙurar shagon. Injin yana kunne awa 10 a rana, shi kuwa awa 8 kawai yake rubutawa, sauran biyun ya bar su saboda canjin zare, karyewar allura, da ɗauke wuta kafin a tada janareta. Wuyan kaftani minti 40 ne, ke nan guda 12 a rana. Babbar riga ɗaya tana cinye kusan awa uku. Ko kekuna shidan za su haɗa riga ashirin, abin da injin nan ya saki shi ne abin da zai fita ƙofa.

A masana'anta hanya biyu muke ɗora wa inji aiki. Ko dai a zuba duk odar da ta zo ba tare da duba ƙarfinsa ba, daga baya a nemi mafita da aikin dare, ko kuwa a tsaya da zarar awanninsa sun cika, sabon aiki ya koma gurbi na gaba. Yawancin telolinmu ta farkon suke bi, shi ya sa jajiberin Sallah ake cirko-cirko a ƙofar shago. Wannan bawan Allah ta biyun ya riƙe. Har haɗa ayyuka masu zare kala ɗaya yake yi a jere, don kada a yi ta sake wa inji zare.

Ba zan ɓoye inda ya gaza ba. Kuɗinsa ya ɗara na maƙwabtansa, kuma sai ka ba da rabi kafin alƙalami sannan sunanka ya hau allo. Da na koma bayan kwana biyar don a canza zanen wuyan ƙaramin, sai ya ce in an canza, aikin zai koma ƙarshen layi. Na haƙura, amma na ga taurin ya yi yawa. Wandon babban kuma ya ɗan yi tsawo, ko da yake ina tsaye aka rage shi.

Ranar 22 da la'asar yaron shagon ya kira ni. Na tarar da kaftanin a goge, a ninke cikin leda, an liƙa takarda mai lambata. Babbar rigar ma ta fito ranar da ya faɗa, da ita na je masallacin Juma'ar farko bayan Sallah. Maigidan shagon ya ce allon Babbar Sallah a makon farko na Zulƙida yake buɗe shi, ni kuwa tuni na sayi shaddata na ajiye.