Kotu ko Hukumar NAICOM: Ina Mai Inshora Zai Kai Kukansa?

Idan gobara ta cinye shagon ɗan kasuwa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke Kaduna, kamfanin inshora kuma ya yi ta jan ƙafa wajen biyan diyya, hanyoyi biyu ne a gabansa.

Kotu tana da ƙarfin da babu mai musunsa, domin hukuncinta tilas ne, har ana iya kama kadarorin kamfani a sayar. Sai dai kuɗin lauya, da ɗage zama, da ɗaukaka ƙara, kan ci shekaru, alhali mutumin da jarinsa ya zama toka yana neman abin cefanen yau ne.

Hukumar NAICOM mai sa ido kan harkar inshora a Najeriya, wadda aka kafa a 1997, tana karɓar ƙorafi ba tare da lauya ba, kamfanoni kuma suna shakkarta tunda lasisinsu yana hannunta. Dokar gyaran harkar inshora ta 2025, wadda ta maye gurbin ta 2003, ta ƙara matsa musu lamba kan biya a kan lokaci.

A ganina, mai ƙaramin jari ya fara da hukumar, riƙe da takardar yarjejeniyarsa da rasitan biya, amma ya tuntuɓi lauya da wuri, kada wa'adin shigar da ƙara ya wuce shi yana jira.